Karfasa da danginta: a san kifi kafin a auna masa abinci

 

Yau maganar kifi za mu yi. Shekarun baya, in ka ce wa mutumin karkarar arewacin Kano wata rana zai yi kiwon kifi a bayan ɗakinsa, dariya zai yi maka, don a saninsa kifi na masunta ne. Da aka gina madatsun ruwa tun daga zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, da waɗanda suka biyo bayansa, sai ruwa ya zauna a Tomas da Gari da Watari da Wasai, su ya ƙaru, kifi ya shiga kasuwannin ƙauye. Yanzu ga rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ga tamfol, ga siminti. Matashi ya kafa tafkinsa a kangon gidansu, uwar gida ta sa a gina mata ɗan ƙarami a gefen madafa.

Galibi tarwaɗa ake zubawa, kuma tarwaɗa an fara sanin hannunta. Inda nake ganin ana asarar kuɗi shi ne wajen karfasa, wadda wasu ke kira gargaza. Mutum zai je bakin dam ya sayi 'ya'yan kifi cikin bokiti daga hannun masunta, ya zuba a tafki, ya sayo abincin tarwaɗa mai tsada ya riƙa watsa musu safe da yamma. Bayan wata shida ya zubar da ruwa, ya tarar da kifi dubbai, amma babu wanda ya cika tafin hannu. Sai ya ce karfasa ba ta da riba. Ni kuwa abin da nake gani, bai san wace karfasa ya zuba ba, bai san namiji da mace ba, kuma abincin da ya ba ta na wani kifin ne daban.

Bari mu fara da dangin gaba ɗaya. Karfasa 'yar babban gida ce. Masana sun rubuta sunayen nau'i sama da 1,600 na danginta, yawancinsu a Afirka, musamman manyan tafkunan Malawi da Tanganyika da Victoria, sauran kuma galibi a Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Kowannensu yana ɗauke da alamun gidan. Ka riƙe kifin ka duba hancinsa: yawancin kifaye ƙofa biyu gare su a kowane gefe, dangin karfasa ƙofa ɗaya. Ka duba zanen da ya bi tsawon jikinsa, wanda da shi yake jin motsin ruwa: a wajensu zanen ya katse, na gaba ya bi sama, na baya ya sauko ƙasa ya nufi wutsiya. Fiffiken bayansa dogo ne guda, gabansa ƙayoyi masu tsini, ƙarshensa laushi. Can cikin maƙogwaro kuma akwai wasu haƙoran na biyu da yake niƙa abinci da su.

To amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. A ruwayenmu, abin da muke haɗawa mu kira karfasa ya kai iri uku, kuma ga na huɗu da ke shiga cikinsu a ɓoye.

Ta farko ita ce karfasar Nilu, wadda duniya ke kiwo. Alamarta a wutsiya take. Ka buɗe wutsiyar ka ɗaga ta a rana, za ka ga zane-zane baƙi a tsaye, jere reras, daga tushe har baki. In ka ga wannan, ka samu abin nema. Ita ce mai saurin girma, ita ce mai cin gansakuka da dusa da abincin buhu ba tare da zaɓe ba. Namijin ne ke haƙa ɗan rami a ƙasan tafki da bakinsa, macen ta zuba ƙwai, ya barbare su, sai ta kwashe su cikin bakinta. Nan za ta riƙe su wajen kwana goma zuwa mako biyu, ba ta ci ba ta haɗiye, har su ƙyanƙyashe su fara iyo. Ko bayan ta sake su, in sun ji tsoro bakin nata suke komawa. Ku riƙe wannan a zuciya, don shi ne dalilin da ya sa macen ba ta girma kamar namiji.

Ta biyu mai jan ciki ce. Ƙirjinta da maƙogwaronta kan yi ja, musamman lokacin haihuwa, jikinta da zane-zane masu kauri a tsaye, ga baƙin ɗigo a ƙarshen fiffiken baya wanda ba ya saurin ɓacewa ko ta girma. Wannan ba ta ɗaukar ƙwai a baki. Tana manna su ne a ƙasa ko jikin dutse, uwa da uba su tsaya gadi, kuma suna da faɗa ƙwarai. Ganye take so, ciyawar ruwa take yanka. Tana da juriya, namanta da daɗi, amma girmanta a tafki a hankali yake, haihuwarta kuma ba kama hannun yaro. Mai neman kifin sayarwa, in ya ga jan ciki a bokitin iri, ya tsince shi.

Ta uku fara ce sol-sol kamar azurfa, jikinta faffaɗa, bakinta ƙarami, wutsiyarta babu zane. Masunta suna kama ta da yawa a madatsun ruwa. Ƙananan halittun da ke yawo cikin ruwa take tacewa, kuma a wajenta uwa da uba duka suna iya ɗaukar ƙwai a baki. Tana rayuwa a tafki, sai dai ba ta kamo ta Nilu.

Na huɗun shi ne ɓarawo. Jikinsa ya fi na sauran tsawo da siranta, bakinsa babba mai fitowa gaba, ga manyan ɗigo baƙi guda biyar jere a gefensa. Ɗan gidan ne, amma kifi yake ci. In ƙanana ne 'ya'yan da ka zuba kuma ya shiga cikinsu, kullum lissafinka raguwa zai yi, ba ka ga gawa ba, ba ka ga ɓarawo ba.

Iyayenmu mata masu gyaran kifi sun san wani abu da ya kamata mai kiwo ya sani. In aka farke cikin karfasa, hanjinta dogo ne siriri, a nannaɗe, in ka warware shi ya ninka tsawon jikinta sau da yawa, kuma galibi kore ne. In aka farke tarwaɗa ko giwan ruwa, tumbi ne babba da gajeren hanji. Dogon hanji na mai cin ganye da gansakuka ne, gajere na mai cin nama. Allah ya halicci karfasar Nilu da tumbi mai tsami sosai wanda ke fasa gansakukar da sauran kifaye ba sa iya narkarwa. Saboda haka abincin tarwaɗa, mai furotin kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari, ya fi ƙarfin buƙatarta in ta tasa. 'Ya'yanta ƙanana suna son kashi 35 zuwa 40, amma wadda ta kai girman yatsu uku zuwa sama, kashi 25 zuwa 30 ya wadatar. Furotin shi ne mafi tsada a cikin buhun abinci, abinci kuma shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Duk abin da ya haura buƙata, cikin ruwa zai ƙare, ya ruɓe, ya ɓata shi.

Ga maganar namiji da mace, wadda a ganina ta fi komai muhimmanci. Karfasa a tafki ba ta jiran ta girma kafin ta haihu. Wata uku zuwa biyar, tana 'yar ƙarama, ta fara. Mace guda tana zuba ƙwai ɗaruruwa a lokaci ɗaya, bayan 'yan makonni ta sake, 'ya'yan su ma su taso su kama. Manomi ya san abin da ke faruwa da geron da aka zuba da yawa a rami guda ba a rage shi ba: duk zai tsiro, babu wanda zai yi zangarniyar kirki. Abincin da ka auna don kifi ɗari biyar, baki dubu biyar ke rabawa.

Mafita uku ce. Mafi sauƙi, ka sayi iri daga wurin ƙyanƙyasa da ke fitar da maza zalla. Su suna da hanyar da suke bi a makonnin farko na rayuwar kifin, aikin ƙwararru ne, ba na gwaji a gida ba. Ta biyu, ka tantance da hannunka. In kifin ya kai kamar giram 30, ka juya cikinsa sama. Bayan dubura akwai ɗan tsiro. Na namiji mai tsini ne, ƙofa ɗaya a ƙarshensa. Na mace ya fi faɗi, kuma ban da ƙofar fitsari akwai wata tsaga a kwance inda ƙwai ke fita. In ido bai gani sosai, a ɗiga ɗan shuɗi ko tawada a wurin, tsagar za ta fito. A yi aikin da sassafe, da jiƙaƙƙen hannu, a mayar da kifin ruwa da wuri. Matan da aka ware ba asara ba ne, miya ce. Sai dai komai ƙwarewarka wasu za su kuɓuce, shi ya sa ake haɗawa da hanya ta uku: a saka 'yan tarwaɗa kaɗan su riƙa cinye 'ya'yan da aka haifa. A kula, sai karfasar ta girma ta fi ƙarfin bakinsu ake saka su, in ba haka ba jarin za su fara ci.

Yanzu mu zo kan abincin kansa. A ƙasar nan tamu ta kewayen Kano, inda gona ke jikin gona, gida ke kallon gida, babu abin da ake zubarwa. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya yi shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona guda kowace shekara ba hutu, kuma ƙasar ba ta mutu ba, saboda taki da dabbobi da harawa da bishiyoyi duk suna ciyar da juna. Kifi in zai zauna a gidan manomi, dole ya shiga wannan zagayen. Dusar da za ka ba shi, akuya na jiranta, kaza na jiranta. Takin da za ka zuba a tafki, gona ce ta rasa shi. Amma tafkin yana biya: ruwan da aka zubar daga cikinsa taki ne tsantsa, in aka juya shi kan albasa ko tumatir ko alayyafo ko zogale. Wanda ke sakin ruwan tafkinsa a lungu yana ɓata wa maƙwabta hanya, yana kuma zubar da kuɗinsa.

Ga mai tafkin ƙasa a fadama, inda laka ke riƙe ruwa, abincin farko shi ne ruwan kansa. A zuba busasshen kashin kaji ko na awaki cikin buhu, a ɗaure, a jiƙa shi a kusurwar tafki. Cikin kwanaki ruwan zai yi kore, korensa kuwa abinci ne. Ma'auninsa hannunka: ka nutsa shi har gwiwar hannu. In kana ganin tafinka ƙarara, ruwan bai ƙoshi ba. In ya ɓace tun kafin ka kai rabin damtse, ya yi yawa, a cire buhun a ƙara sabon ruwa. Mai jigawa, wanda ƙasarsa rairayi ce, sai tamfol ko siminti, kuma shi kusan duk abin da kifinsa zai ci daga hannunsa zai fito.

Kayan haɗi muna da su, daga kasuwar Dawanau har kasuwar ƙauye: dusar masara, dusar shinkafa, dusar alkama, tunkuza ko ƙuli-ƙulin da ba a sa wa gishiri da yaji ba, waken suya, garin ƙananan kifi, garin ganyen zogale kaɗan. Abu biyu zan ja kunne a kansu. Waken suya ɗanye yana da wani sinadari da ke hana narkewar abinci, sai an soya shi ko an dafa kafin a niƙa. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuma guba ce, tana lalata hantar kifi kamar yadda take lalata ta kaza da ta mutum, don haka kada arha ta ruɗe ka. A kwaɓa haɗin da ɗan kunun rogo don ya kama jikinsa, a fitar da shi ta injin niƙa nama, a shanya a inuwa ya bushe sarai. Gari zalla in aka watsa, rabinsa narkewa yake yi. Lokacin damina kuwa ga shinge da fara da tana, kyauta.

Nawa za a ba su? A nan ne ake zuba abinci da ka. Lissafin bai da wuya. Ka kamo kamar guda ashirin ka auna, ka san nauyin guda. A ce kifinka 500 ne, kowanne giram 50. Jimla kilo 25 ke nan. Masu wannan girman suna cin kamar kashi 4 cikin ɗari na nauyinsu a rana, wato kilo 1. In sun kai giram 200 zuwa sama, a sauko zuwa kashi 2. A sake awo duk mako biyu. Kuma kilon nan guda kada a juye shi lokaci ɗaya. Karfasa ƙaramin tumbi gare ta, tsinta take yi wuni guda. A raba shi uku, da hantsi, da azahar, da la'asar, a wuri guda kullum. Abin da ba su cinye cikin minti goma sha biyar ba, ya yi yawa.

Na ce da hantsi, ban ce da asuba ba, kuma da dalili. Da dare gansakuka ba ta fitar da iskar da kifi ke shaƙa, ita ma ja take yi, don haka gab da fitowar rana ruwan ya fi kowane lokaci ƙarancin iska. Tarwaɗa ba ruwanta, tana hawowa ta shaƙi ta sama. Karfasa ba ta da wannan baiwar. In ka fito da asuba ka ga sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, ruwa ba ya tsami banza: ko sun yi yawa, ko abinci ya ruɓe a ƙasa, ko kore ya wuce kima. Ranar a ɗaga musu abinci, a canza wani ɓangare na ruwan.

Sai hunturu. Karfasar Nilu ta fi sakewa in ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 27 da 31. In ya sauko ƙasa da 20 cinta ya ragu sosai, wajen 16 ta daina, wajen 11 zuwa 12 ta fara mutuwa. Daren Disamba da Janairu a nan yakan yi sanyin da ɗan tafkin tamfol marar zurfi zai huce sosai kafin gari ya waye. A lokacin a rage abinci, a bari sai rana ta take, a yi wa tafkin shinge da zana ta gefen da iska ke kaɗowa, a rufe shi da dare. Wanda zai iya, ya tsara zubinsa tun daga bazara don ya kwashe kafin sanyi ya kankama.

Wani ɗan tsokaci ga masu ɗebo iri ko ruwa daga Wasai. Kogin Jakara da ke zuba a cikinta ruwan kwatamin birni yake kwasowa, ga rafin Getsi da ke kawo na masana'antun Bompai, kuma masu bincike a jami'o'inmu sun daɗe suna magana kan ƙarafa masu guba a wannan ruwan. Mai kiwo ya nemi iri da ruwa daga wuri mai tsabta.

Kafin lokaci ya ƙure, bari in kai ku wajen 'yan'uwan karfasa na ƙetare, don yaranmu da ke zuwa birni sun fara sha'awar kifin ado a akwatin gilashi, kuma dangin karfasa na Amurka suna cikin waɗanda ake cinikinsu a duniya. Akwai wani mai zanen damisa, asalinsa ƙasashen Honduras da Nikaragua da Kosta Rika, sunansa na kimiyya ma daga tafkin Managua aka ɗauko shi. Yana ƙarami ba shi da wani abin tsoro, ɗan kifi ne mai zane baƙi a tsaye, wanda bai sani ba zai ɗauka ɗan karfasa ne. Yana girma zanen ya farfashe ya koma ɗigo-ɗigo a kan jiki mai ruwan zinariya, da jerin manyan ɗigo a tsakiya. Bakin ne ke tona shi: leɓen ƙasa ya zarce na sama, ga haƙora masu tsini a gaba. Yana kaiwa santimita 35 zuwa 40, wasu su haura. Yana da wani ɗan'uwa a can da ke zarce santimita 70.

Irin wannan kifin, ɗan akwatin da ake ɗorawa kan teburi ba zai riƙe shi ba. Yana son ruwan da ya kai lita 400 zuwa sama, wato ganga biyu, da matatar ruwa mai ƙarfi, kuma duk kifin da ya shiga bakinsa abinci ne. Dusa ba ta yi masa komai. Abincin buhu na kifaye masu cin nama ake ba shi, da tana, da fara, da gyare, da jatan lande, da yankan kifi. Babba sau ɗaya a rana ya ishe shi, wasu ma kan bar shi ya wuni bai ci ba sau ɗaya a mako. A guji naman shanu da kitse, don suna tara masa mai a hanta. A guji jefa masa 'yan kifaye masu rai daga kududdufi, don da su cuta ke shiga.

Abin sha'awa, a can Amurka ta Tsakiya, inda aka kai karfasarmu ake kiwonta, wannan mai zanen damisar ne wasu manoma ke sakawa a tafki ya rage musu 'ya'yan da suka yi yawa, aikin da tarwaɗa ke yi mana a nan. Karfasar Afirka kuma da ta kuɓuce ta shiga tafkin Nikaragua, ta matsa wa 'yan ƙasa, masu bincike suka ga raguwarsu a wuraren da ta yi yawa. Shi ma mai zanen damisar ya kafa zuri'a a ruwayen Florida ta Amurka da tafkin Taal na Filifin. A Afirka muna da namu labarin: giwan ruwan da aka zuba a tafkin Victoria a shekarun 1950, wanda ake alaƙanta shi da ɓacewar nau'in dangin karfasa wajen 200.

Saboda haka, ɗana, in ka sayo kifin ado ya girma ya fi ƙarfin gilashinka, kada ka ce za ka yi masa alheri ka kai shi Tomas ko Watari ko kududdufin bayan gari. Ruwanmu mai ɗumi ne irin wanda ya saba, mace da namiji guda biyu sun isa, kuma masuntan da ke ci daga dam ɗin ne za su biya. Ka mayar wa wanda ya sayar maka, ko ka ba mai babban akwati. In duk babu, mutanen Nikaragua cin sa suke yi, a kasuwa ake sayar da shi, kuma in ba ka taɓa zuba masa magani a ruwa ba, wuƙa da gishiri da man gyaɗa sun isa.